Gordes ko Eguisheim: wane ƙauyen Faransa za ka je in kwana uku kawai gare ka?

Wani ƙanena da ke karatu a Paris ne ya turo min saƙo kwanakin baya, wai Yaya, Hajiya za ta zo duba ni ita da Anti, biza ta fito, kuma ni gaskiya na gaji da kai baƙi hasumiyar Eiffel a ɗau hoto a dawo gida, ina so in fitar da su ƙauye su sha iska, amma kwana uku kawai gare mu, wasu sun ce min Gordes wasu sun ce Eguisheim, wanne? Na fara ba shi amsa da murya sai na ga abin ya doshi minti goma ban ma gama da guda ɗaya ba, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta, ko wani ma ya amfana.

Da farko dai sunayen. Gordes ana kiransa "Gord" ne, kar ka je tasha kana cewa "Gordes" har da "es" ɗin, kallonka kawai za a yi. Eguisheim kuma "Egisaim", sunan Jamusanci ne ya zauna a bakin Faransawa. Dukansu ƙananan wurare ne, mutanen kowanne ba su kai dubu biyu ba, kuma dukansu suna cikin ƙungiyar nan ta ƙauyuka mafiya kyau a Faransa da aka kafa a 1982. Kamannin nasu ke nan, daga nan kuma sai kowa ya kama gabansa, ɗaya yana kudu a yankin Provence inda rana ke dukan dutse, ɗayan yana gabas a Alsace dab da iyakar Jamus inda komai kore ne shar.

Abin da na fara tambayar ƙanen nawa shi ne, za ka tuƙa mota ko a'a? Don wallahi nan ne rabin maganar take, mutane na tsallake ta su tafi kallon hotuna a Instagram. Gordes ba shi da tashar jirgin ƙasa. Za ka hau TGV, jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, daga tashar Gare de Lyon a Paris, cikin kamar awa biyu da minti 40 kana Avignon, to daga nan saura kusan kilomita 40, kuma bas ɗin da ke shiga waɗannan ƙauyukan kaɗan ne, in ka rasa ɗaya sai ka zauna jiran tsammani. Ko ma ka isa ƙauyen da bas, abubuwan da suka sa ake zuwa yankin a warwatse suke, wannan kilomita huɗu wancan goma wancan ashirin, ba acaba ba Keke Napep, taksi kuma sai ka kira ta zo daga wani gari ka biya zuwanta da komawarta. Saboda haka Gordes ba tare da motar haya ba wahala ce kawai. In za ka yi haya ka tuna yawancin motocinsu masu giya ne na hannu, otomatik ta fi tsada kuma tana saurin ƙarewa a lokacin hutu, sannan ka bincika batun lasisinka tun kafin ranar.

Eguisheim kuwa ba ruwanka da wannan. TGV daga tashar Gare de l'Est a Paris zuwa garin Colmar awa biyu da 'yan mintuna, daga Colmar zuwa ƙauyen kamar kilomita 7 ne, taksi ba za ta cinye maka aljihu ba, mai ƙarfi ma keke yake haya ya taka cikin rabin awa ta tsakiyar gonaki. Kuma layin dogo ya ratsa yankin daga Strasbourg zuwa Sélestat zuwa Colmar zuwa Mulhouse har Basel ta Suwizalan, jirage na wucewa a kai a kai. A wannan fannin ba ma gasa.

To yanzu me ido zai gani. Gordes gari ne da aka ɗora a kan tsauni, gida bisa gida duk da farin dutse, can ƙoli ga tsohuwar fada da aka sake ginawa a 1525 da coci kusa da ita. Mafi kyawun ganinsa ba daga ciki ba ne, daga waje ne, akwai wani wuri a bakin titi in kana tahowa daga Cavaillon inda kowa ke tsayawa, kwatsam sai ka ga garin gaba ɗaya a gabanka kamar an sassaƙa shi daga jikin dutsen, musamman da la'asar sakaliya in rana ta karkata ya koma ruwan zuma. Ni karon farko da na tsaya a wurin shiru na yi na ɗan lokaci, ba ƙarya. Amma da ka shiga ciki, gaskiya awa biyu ta ishe ka, lungunan duk hawa ne da gangara an shimfiɗa musu duwatsu masu santsi, shaguna na masu kuɗi, gidajen abinci na masu kuɗi, yawancin gidajen ma na attajirai ne da ke zuwa hutu kawai. Dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta sha wuya, wannan na faɗa wa ƙanena kai tsaye. Ranar Talata da safe ake cin kasuwarsu, tana da kyau, zuma da man zaitun da sabulu da cuku, amma ranar samun wurin fakin sai an yi da gaske.

Ƙarfin Gordes a kewayensa yake. Kilomita huɗu ƙasa cikin wani kwari akwai Sénanque, gidan ibada na 'yan zuhudun Kirista da aka kafa a 1148, har yau akwai masu zama a ciki, kuma gabansa ne gonar furen nan mai ruwan shuɗi-shuɗi da ke kan kowane katin hoto na Provence. Furen nan shi ne asalin turaren da iyayenmu ke kira lafinta, in ka murza shi a hannu ka shinshina sai ka tuna akwatin kakarka. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami: furen ba ya nan duk shekara. Daga ƙarshen Yuni ne zuwa tsakiyar Yuli, bayan nan a yanke. Wanda ya je a Afrilu ko Satumba layukan ganye toka-toka kawai zai tarar, ya dawo yana cewa an yaudare shi. In ka makara kaɗan ka nufi Sault da ke kan tudu, can furen na kaiwa cikin Agusta. Hanyar sauka Sénanque kuma siririya ce a gefen rami, ka je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika ta, kuma wurin ibada ne ana so a rage murya.

Sai ƙauyen Bories, wasu bukkoki na zallan dutse da aka jera ba siminti ba laka, dutse kan dutse yana matsewa har ya haɗe a sama kamar rumbu, akwai na kwana akwai na tumaki akwai wurin gasa burodi, mutane sun zauna a ciki har cikin ƙarni na 19. Duk mai sha'awar gini zai tsaya yana lissafin yadda abin bai rufto ba. Sai Roussillon, kamar kilomita 10, inda ƙasa take ja da rawaya da ruwan goro, a da haƙar ta ake yi ana yin launin fenti, gidajen garin ma da ita aka shafe su. Akwai hanyar zagaya ramukan, gajera ta rabin awa da doguwa ta kamar awa ɗaya. Don Allah kar ka sa farar shadda ko farin takalmi, na ga wani ya shiga da fararen kaya ya fito kamar wanda ya yi tafiya a bayan tifa a hanyar da ba kwalta. Kuma a nan ne zan faɗi abin da ba a cika faɗa ba, Bature na ganin jar ƙasa yana ta mamaki, mu kuwa da muka tashi cikinta, kyau dai akwai shi, amma ba zai girgiza ka kamar yadda yake girgiza su ba.

Akwai kuma Fontaine-de-Vaucluse, idon ruwa mafi girma a Faransa, kogin Sorgue sukutum ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, a shekarun 1980 an tura na'ura ta nutse sama da mita 300. A watan Maris da Afrilu ruwan tumbatsa yake yi, amma a tsakiyar zafi yakan ja da baya sosai har ka ce wannan ne abin da aka zo gani? Kusa da shi L'Isle-sur-la-Sorgue, kasuwarta ta Lahadi babba ce, tsofaffin kaya da kayan marmari, ruwa na ratsa garin. Avignon ɗin kanta ma akwai fadar Fafaroma, don daga 1309 zuwa 1377 a can suke zaune ba a Roma ba.

Eguisheim wani abu ne daban. A shimfiɗe yake a gindin tudu, kuma an gina shi zagaye-zagaye ne kamar faifai, lunguna na kewaye da fadar da ke tsakiya, in ka bi lungun ganuwa kana tafiya sai ka dawo inda ka fara ba tare da ka ɓata ba. Gidajen na katako ne da aka giggiciya aka cike tsakaninsu da laka da aka cuɗa da ciyawa, kusan irin yadda maginanmu ke cuɗa ƙasa, sai a shafe wannan shuɗi wancan rawaya wancan ruwan hoda, kowace taga da tukunyar fure. A tsakiyar gari akwai mutum-mutumin Fafaroma Leo na 9, ɗan gidan sarautar garin ne, an haife shi a 1002. A 2013 masu kallon talabijin na Faransa suka zaɓe shi ƙauyen da suka fi so, tun daga nan jama'a ta ƙaru. Shi ma awa biyu ta isa ka gama shi, amma a hankali kake tafiya ba haki, ga wuraren zama, dattijo zai iya. Duwatsun ƙasan dai na nan, takalmi mai tsini ba nasa ba ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai a can tsuntsu ne. Ina tsaye a dandalin garin sai na ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas daga sama kamar ana buga katako biyu, na ɗaga kai sai ga ƙatuwar sheƙa a kan rufi da wata tsuntsuwa dangin shamuwa, amma ita fara ce da baƙin fiffike da jan baki da jajayen ƙafafu, tana tanƙwara wuya baya tana kaɗa baki. Ita ce alamar Alsace, tana jikin kofi da tawul da komai. Kuma abin daɗin shi ne tamu ce ta wani ɓangaren, don irinta in sanyi ya gabato sukan ƙetare Sifen da hamada su sauka Sahel ɗinmu. A 1974 saura ma'aurata 9 kacal a duk Alsace, cikin dalilan har da farin da aka yi a Sahel a shekarun, sai da aka tashi tsaye da kiwonsu sannan suka farfaɗo, yanzu wasunsu ma sun daina tafiyar. Yadda muke cewa shamuwa ta zo damina ta kusa, haka su ma dawowarta ke nuna musu sanyi ya kusa wucewa.

Kewayen Eguisheim shi ma ba baya ba. Saman tudun da ke bayansa akwai kufan hasumiyoyi uku da ake hangowa daga ko'ina, masu ƙafa na hawa. Colmar na nan da unguwarta ta bakin ruwa da ake shiga ƙaramin kwalekwale, kuma garin Bartholdi ne, wanda ya ƙera mutum-mutumin 'yanci na New York, har sun kafa ƙaraminsa mai mita 12 a shataletalen shiga gari. Riquewihr da Kaysersberg ƙauyuka ne irin Eguisheim, ɗaya daga ciki ya isa, in ka jera uku a rana ɗaya za su fara yi maka kama da juna. Wanda ba zan so a tsallake ba shi ne Haut-Koenigsbourg, fada ce a kan dutse mai tsayin mita 757, kufai ce a da, sarkin Jamus Wilhelm na 2 ya sa aka sake gina ta daga 1900 zuwa 1908, don a lokacin Alsace a hannun Jamus take, tun 1871 har 1918. Daga sama kana hango filin kogin Rhin har dajin Jamus. Ƙasa da ita a Kintzheim akwai dajin birai da aka buɗe a 1969, birai irin na duwatsun Maroko da Aljeriya suna yawo a sake kana tafiya cikinsu, ni dai dariya na yi ta yi, mu da muke korar biri daga gonar gyaɗa ga mutane na biyan kuɗi su kalle shi, amma yara na son wurin ba kaɗan ba. Da sanyi a rufe yake. Ga kuma garaɓasa, da bizar Shengen ɗin nan guda kana iya ƙetara kogi ka taka Jamus a Breisach, ko ka hau jirgi ƙasa da awa ɗaya ka sha shayi a Basel, Hajiya ta koma gida ta ce ƙasa uku ta je.

Yanzu maganar ciki, kuma a nan ne Gordes ke rama dukan da ya sha. Abincin gargajiyar Alsace naman alade ne ginshiƙinsa. Choucroute ɗin da kowane gidan abinci ke tallatawa kabeji ne mai tsami da aka lafta wa alade kala-kala, baeckeoffe nama ne har da alade da aka jiƙa cikin giya, tarte flambée kuma, wani siririn burodi kamar fiza, 'yan gutsattsarin da ke kansa da suke kira lardons alade ne. Na taɓa zama a wani gidan abinci na nuna hotonta a takardar na ce ita nake so, Allah Ya taimake ni mai hidimar ta dube ni ta ce ka san akwai lardons ko? Tun daga ranar nake tambaya kafin in nuna. Ana yin ta da kifi ko lemar kwaɗi ko cuku zalla, sai ka ce sans porc, sans alcool, wato ba alade ba giya, sun saba ji. Sannan Eguisheim garin giyar inabi ne, yana kan hanyar giya ta Alsace da aka buɗe a 1953 mai kilomita 170, kusan kowace ƙofa ta uku wurin ɗanɗana giya ce. Ba mai tilasta maka, kuma da yawa suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba mai daɗi ƙwarai, amma gara ka gaya wa su Hajiya tun a gida kar su ga ganguna su ce ina ka kawo mu. Mafita ita ce Colmar, Turkawa na da yawa a Alsace, shagunan kebab da mahautan halal ba sa wuyar samu.

A Provence kuwa girkin kansa ya fi kusa da mu, tumatir, albasa, tattasai, gauta irin ta Turawa, tafarnuwa, man zaitun, kifi, cukun akuya, ga kankanar Cavaillon mai zaƙi da ƙamshi a lokacin zafi. Ko ba ka ci nama ba za ka ƙoshi. Kuma garuruwan da ke kewaye, Avignon da Cavaillon da Apt da Carpentras, cike suke da 'yan Maroko da Aljeriya, nama halal da kuskus ba matsala. Cikin Gordes ɗin kansa ne dai farashi ke cizo, shi ya sa nake cewa ka kwana a ɗaya daga garuruwan nan ka riƙa shigowa da mota. A duka wuraren biyu ka kiyaye lokaci, abincin rana daga sha biyu ne zuwa biyu, ka zo biyu da rabi a ce maka an rufe kicin sai bakwai na yamma, kuma a Alsace manyan kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi, ka yi cefanenka tun Asabar.

Masallaci babu a cikin ƙauyukan biyu, ka sa sallaya a jaka. In Juma'a ta faɗo cikin tafiyar akwai masallatai a Avignon da Colmar, Strasbourg kuma na da babban masallaci da aka buɗe a 2012, rabin awa ne a jirgi daga Colmar. A watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kuma wajen biyar an yi magariba, wannan na rikita baƙo sosai.

Lokacin zuwan shi ne sauran rabin maganar. Yuli a Gordes zafi ne na gaske, sama da digiri 30 ba labari ba ne, ga wani ƙwaro dangin gyare da ke tsala kuka a bishiyoyi yini zubur, ga busasshiyar ciyawa da duwatsu, wallahi wani lokacin sai ka ji kamar kana wani gefen Filato ko Adar, har hukuma kan hana shiga wasu dazuzzukan saboda gobara. Akwai kuma iskarsu mistral, kamar hunturu ba ƙura, tana iya kwana uku tana kaɗawa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ƙauyen barci yake yi, otal-otal da gidajen abinci da dama a rufe. Eguisheim ya fi jure kowane lokaci, Mayu da Yuni furanni da tsuntsayen nan a sheƙa, Satumba da Oktoba girbin inabi ganye ya koma rawaya, daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba kasuwannin Kirsimeti da fitilu, sai dai lokacin sanyi ne mai shiga ƙashi, cunkoso kamar kasuwar jajibirin sallah, kuɗin ɗaki kuma ya haura, sai ka kama tun watanni kafin nan.

To ga nawa ra'ayin, in ku matasa ne ku biyu ko uku, akwai mai lasisi, aljihu da ɗan nauyi, kuma tafiyar ta faɗo tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yuli, ku tafi Gordes, ku ba shi kwana ukun cur, rana ɗaya Sénanque da Bories da ƙauyen, rana ɗaya Roussillon, rana ɗaya L'Isle-sur-la-Sorgue da idon ruwan. In kuwa da iyaye ne ko yara, ko ba mota, ko ba lokacin furen ba ne, Eguisheim. Kuma ko da komai ya zo daidai, ga wanda ya taso daga Kano ko Maradi karon farko ni Alsace nake tura shi, don shi ne abin da idonsa bai saba da shi ba, rana da jar ƙasa da dutse ya baro su a gida.

Ƙanen nawa na tambaye shi yaushe ne zuwan, ya ce tsakiyar Satumba, kuma lasisinsa na Najeriya ya ma ƙare. Na ce to ka kama ɗaki a Colmar kusa da tasha, wanda ke da ɗan kicin don Hajiya ba za ta yi kwana uku tana cin burodi da cuku ba, ranar farko Colmar, ta biyu Eguisheim da safe kafin motocin baƙi su iso, ta uku ku hau jirgi zuwa Sélestat ku shiga bas ɗin da ke hawa Haut-Koenigsbourg amma ka duba jadawalinsa tun da wuri. Ya ce Anti ta riga ta ga hoton furen lafinta ta nace. Na ce ka gaya mata an yanke shi tun Yuli, ka saya mata kwalbar man a Paris.